Dokar da ke sa masu gina benaye su biya kuɗin titin bas a Burazil

Da zarar gwamnati ta shimfiɗa babban titi, ta zuba masa motocin bas masu tashi a kan lokaci, filayen da ke bakinsa sai su yi tsada. Mai fili bai ɗora ko bulo ɗaya ba, amma ya wayi gari dukiyarsa ta ninka. Kuɗin aikin daga aljihun kowa ya fito, ribar kuwa hannun tsirarun mutane take faɗawa. A kan wannan ne ƙasar Burazil ta yi doka a shekarar 2001, doka mai lamba 10.257, wadda suke kira Dokar Birni. Tushenta yana sashe na 182 da na 183 na tsarin mulkin ƙasar na 1988, inda aka ce filin cikin gari yana da haƙƙin al'umma a kansa, ko da kuwa na mutum ɗaya ne.

Abin da dokar ta kawo shi ne raba abu biyu da aka saba haɗawa. Fili naka ne, babu mai ja da kai. Amma yawan ginin da za ka ɗora a kansa, hukumar gari ce ke yanke shi. A garin da ya ɗauki wannan tsari, kowace unguwa tana da ma'aunin da ake bari kyauta, da kuma iyakar da ba a wucewa. Misali, mutum yana da fili mai faɗin murabba'in mita 500 a inda ma'aunin kyauta yake ɗaya, to zai iya yin ginin da jimillar daɓensa ta kai murabba'in mita 500 ba tare da biyan komai ba. In yana son bene mai murabba'in mita 2,000, kuma tsarin unguwar ya yarda, sai ya sayi ƙarin 1,500 ɗin daga hannun hukuma. Dokar ta kuma wajabta wa duk garin da mutanensa suka haura 20,000 ya yi babban tsarin gari a rubuce, don a cikinsa ake zana waɗannan iyakoki.

Birnin Kuritiba, hedikwatar jihar Parana a kudancin ƙasar, ya riga dokar fahimtar cewa bas da gini tare suke tafiya. Tun 1965 ya kafa cibiyar tsara gari mai suna IPPUC, a 1974 kuma, zamanin magajin gari Jaime Lerner, ya buɗe layukan farko da aka keɓe wa bas kaɗai a tsakiyar titi. Dogayen benaye a bakin waɗannan layuka aka yarda a gina su, kana nisa da layin tsawon gini na raguwa. Dalilin a fili yake: bas mai ɗaukar mutum sama da 200 ba ta cika sai inda jama'a suka yi yawa, kuma wanda tasha ke ƙofar gidansa ba ya matsuwa da sayen mota. Daga baya aka zo da tasoshin gilashi masu siffar bututu, inda fasinja ke biya tun kafin motar ta iso.

Sai dai akwai wani titi da ya gagari wannan tsari. BR-116, babbar hanyar tarayya da ta taso daga Fortaleza a arewa maso gabas har iyakar Uruguwai, ta ratsa Kuritiba ta raba unguwanni biyu, tireloli na gudu a kanta dare da rana, gefenta duk rumbunan ajiya ne da garejoji. Wanda ya san yadda hanyar Abuja zuwa Keffi take a Nyanya da Mararaba da sassafe ya san irin wannan titi. Da aka karkatar da manyan motoci zuwa hanyar bayan gari, sai hukumar birnin ta karɓi wannan yanki na titin, ta mai da shi layin bas mai suna Linha Verde, wato Koren Layi. An buɗe kashin farko, wato na kudu, a 2009. Tsawonsa gaba ɗaya kusan kilomita 22 ne, daga Pinheirinho a kudu zuwa Atuba a arewa, kuma ta waɗannan ƙofofi biyu ne ma'aikatan garuruwan kewaye irin su Fazenda Rio Grande da Colombo ke shigowa birni.

A nan ne aka jawo sashe na 32 zuwa na 34 na Dokar Birni. Waɗannan sassa sun ba majalisar gari damar shata wani yanki, ta yi masa doka ta musamman, ta ce a nan an yarda a yi gini fiye da yadda aka saba. Kuritiba ta yi wa gefen Koren Layi irin wannan doka a 2011. Ƙarin izinin ginin ana mai da shi takardu da ake kira CEPAC, a yi gwanjonsu a kasuwar hannayen jari. Wanda ya saya zai iya sayar wa wani, amma ba za a yi gini da takardar ba sai a cikin yankin da aka shata. Kenan hukuma tana karɓar kuɗi tun kafin a haƙa tushen bene, ta yi gadoji da tasoshi da magudanan ruwa da shi.

Sashe na 33 ya ɗaure hannun hukuma, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan dokar. Duk kuɗin da aka tara dole a kashe shi a cikin yankin, ba a kwashe shi a biya albashi ko a kai wani aiki. Dole a yi binciken yadda aikin zai shafi maƙwabta kafin a fara. Dole a tanadi shirin tallafa wa mazaunan da aikin zai taɓa kai tsaye, kuma dole wakilan jama'a su kasance cikin masu sa ido.

Duk da haka, akwai wurare biyu da tsarin ke tuntuɓe. Na farko, takardar ba ta da daraja sai in masu gini suna kwaɗayin wurin. A gwanjon farko na Kuritiba a 2012 ba a sayar da duk abin da aka fitar ba, kuma babban ɓangare na aikin da bashin bankunan raya ƙasa na waje da kuɗin gwamnati aka yi shi. Kashin arewa ya yi ta jan ƙafa, sai a 2024 aka kammala.

Na biyun ya fi damuna. A Sao Paulo, inda aka fara gwanjon CEPAC a 2004, unguwannin Faria Lima da Agua Espraiada sun tara kuɗi masu yawa saboda dama can wuraren masu hali ne. Tunda doka ta ce kuɗin ba ya fita daga yankin, sai mai shi ya ƙara samu, unguwannin bayan gari kuwa ba su ga komai ba. A Agua Espraiada an gama katafariyar gada mai igiyoyin ƙarfe a 2008, alhali iyalai da yawa da aka tasa daga matsugunan marasa galihu da ke cikin yankin suna jiran gidajen da aka yi musu alkawari. Dokar tarayya ta ce a tallafa musu, amma ba ta faɗi kaso nawa na kuɗin za a ware wa gidajensu ba, ba ta kuma ce a fara da su kafin gada ba. Wannan ta bar wa majalisar kowane gari. Idan majalisa ba ta rubuta shi ƙarara a dokar yankin ba, hayar gida a bakin layin takan fi ƙarfin leburan da aka yi bas ɗin dominsa, ya koma can bayan gari inda sai ya hau mota biyu kafin ya kai tasha.