Teburin Chippendale ba lallai aikin Chippendale ba ne

Mutane da yawa in sun ji an ce teburi "Chippendale" ne, sai su ɗauka Thomas Chippendale ne ya ƙera shi. Ina! Yawanci sunan salo ne kawai. Shi kafintan Landan ne da ya buga littafin zanen kayan ɗaki a 1754, sai kafintoci suka yi ta kwaikwayo har Amurka. Abin dariya ma, ƙafar teburi ko kujera mai siffar farcen tsuntsu riƙe da ƙwallo, da ake jingina masa, ta girmi littafin.

Kuma bai saba sa suna a jikin kayansa ba. Takardun ciniki ne shaida, irin waɗanda gidan Dumfries, wani katafaren gida a Sikotilan da ya sayi kayansa, ya adana tun 1759.