Magungunan Antibodi na Cutar MS: Ina Bambancinsu Yake?

Mece ce cutar MS (multiple sclerosis) mai tashi ta lafa?

Cuta ce da garkuwar jiki ke juyawa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai majinyaci ya samu dishi-dishin gani, ko sagewar gaɓa, ko rauni na kwanaki ko makonni, ya samu sauƙi, daga baya abin ya dawo. Magungunan antibodi, wato sinadaran garkuwar jiki da ake haɗawa a matsayin magani, ba sa warkar da ita, rage yawan tashinta suke yi.

Yaya kowannensu ke aiki?

Natalizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, yana tare ƙwayoyin garkuwa kada su ƙetara daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, ana kuma ba da shi ta ƙarin ruwa duk mako huɗu. Ocrelizumab, na 2017, da ofatumumab, na 2020, suna rage ƙwayoyin garkuwa nau'in B ne. Ocrelizumab ƙarin ruwa ne duk wata shida, ofatumumab kuwa allura ce ta ƙarƙashin fata da mutum ke yi wa kansa wata-wata. Alemtuzumab kwana biyar ake yi ana sa shi, sai kwana uku bayan shekara.

To wanne ya fi ƙarfi?

Manyan gwaje-gwajen da aka dogara da su wajen amincewa da magungunan ba su haɗa su da juna ba. Natalizumab ya rage tashin cutar da kashi 68 cikin ɗari, amma da maganin bogi, wato wanda babu sinadarin magani a cikinsa, aka auna shi, alhali kashi 46 zuwa 47 na ocrelizumab da interferon, magani na gaske, aka gwada shi. Jera waɗannan alƙaluma gefe da gefe yaudarar kai ne.

Da me likita ke zaɓa ke nan?

Galibi da haɗarin da majinyaci zai iya ɗauka. Natalizumab na iya jawo mummunan ciwon ƙwaƙwalwa na PML ga mai ɗauke da ƙwayar cutar JC, musamman bayan shekara biyu ana sa maganin, kuma saboda shi aka janye maganin a 2005 kafin ya dawo a 2006. Alemtuzumab na buƙatar gwajin jini da fitsari kowane wata har shekara huɗu bayan sawa ta ƙarshe. Masu rage ƙwayoyin B kuwa sai an auna ciwon hanta nau'in B tukuna, domin suna iya tayar da shi, kuma wannan ciwo ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Akwai mai sauƙin kuɗi?

Rituximab, tsohon magani mai aiki irin na ocrelizumab, ana amfani da shi sosai a Suwidin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin muhimman magungunan MS a 2023.