Mene ne "ƙungiyar reno" a wasan hoki na ƙanƙara?

Mai bin ƙwallon ƙafa ya saba da cewa ƙungiyar da ta yi zarra a gasar Championship ta Ingila za ta hau Firimiya, wadda ta zo ƙarshe kuma ta faɗo. A wasan hoki na ƙanƙara a Amurka da Kanada ba haka abin yake ba. Ƙungiya ba ta hawa, ba ta sauka. 'Yan wasa ne ke hawa, ɗaya bayan ɗaya.

Babbar gasa ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32. A ƙarƙashinta akwai AHL, ƙasa da ita kuma ECHL. Kowace ƙungiyar NHL tana da 'yar ƙungiya a AHL, wadda masu wasan ke kira farm team, wato wurin renon 'yan wasa. Uwar ƙungiya ce ke aika matasan da ta ɗauka su je su goge, kuma duk ranar da wani nata ya ji rauni, waya kawai za ta buga a turo mata wani. Da yawansu kwantiraginsu mai fuska biyu ne: albashin NHL daban, na AHL daban, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Shekarun farko na Coachella Valley Firebirds sun nuna yadda tsarin ke aiki. Seattle Kraken ta shiga NHL a 2021 ba ta da 'yar ƙungiyar kanta, sai ta yi tarayya da Florida Panthers a Charlotte Checkers. A 2022 Firebirds, 'yar ƙungiyar Seattle a AHL, ta fara wasa a yankin hamadar kudancin Kalifoniya, inda ƙanƙara sai ta inji. Filinta na Acrisure Arena bai buɗe ba sai a watan Disamba, don haka ta fara kakar tana wasa nesa da gida. Duk da haka ta kai zagayen ƙarshe na Kofin Calder, wato kofin zakarun AHL, a 2023, inda wadda ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofin. Hershey Bears, tsohuwar ƙungiyar da ke cikin gasar tun 1938, ta doke ta a wasa na bakwai bayan ƙarin lokaci. A 2024 suka sake haɗuwa, Hershey ta sake ɗauke kofin a wasa na shida.

A ganina, wanda ya tsaya kan rashin kofin nan bai gane aikin ƙungiyar reno ba. A tsakiyar wasannin fitar da gwani na 2023, Seattle ta kira Tye Kartye na Firebirds, gwarzon sabbin 'yan wasan AHL na shekarar, ya kuma ci ƙwallo a wasansa na farko a NHL, da ƙungiyar Colorado. Mai tsaron gidan Firebirds Joey Daccord ya koma Seattle ya riƙe gida. A 2024 kocin Firebirds Dan Bylsma ma ya hau zuwa Seattle, tare da mataimakiyarsa Jessica Campbell, mace ta farko da ta zama cikakkiyar mataimakiyar koci a NHL.

Magoya bayan ƙungiyar reno ne ke shan wahalar wannan tsari, kuma ina tausaya musu ƙwarai. Sun sayi tikiti, sun haddace sunan yaro, sai a wayi gari an ɗauke shi ana tsaka da neman kofi, kuma kocinsu ba shi da ta cewa, domin kwantiragin yaron yana hannun Seattle.