Yaron da ya shekara biyar a lakwal bai iya karatu ba: aikin da ke jiran unguwannin Damagaram

Aikina awon yara ne da rigakafi a wani gidan likita na unguwa a nan Damagaram, kuma a bakin wannan aiki na fara lura da matsalar da nake so in ja hankalinmu a kanta. Idan uwa ta kawo jariri, mukan rubuta mata ranar dawowa a cikin karne, wato ɗan littafin asibitin jaririn, ta tafi da shi gida da zaton yayan jaririn da ke zuwa lakwal zai karanta mata, amma sau da yawa sai ta dawo bayan ranar ta wuce da mako biyu ko uku. Wata rana na kira wata yarinya da ta rako mahaifiyarta, na tambaye ta ajinsu, ta ce CM1, wato shekararta ta biyar ke nan a makaranta. Na miƙa mata karnen ƙanenta na ce ta karanta mini layi ɗaya. Ta san baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, sai dai ta kasa haɗa su su zama kalma, ta sunkuyar da kai, uwar kuma ta ce: "Ai malama, kanta ne ba ya ɗauka." Ban yarda da wannan hukunci ba a ranar, kuma har yau ban yarda da shi ba.

Yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce. Binciken PASEC, wanda ake gwada ɗaliban ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci da shi, ya nuna a shekarar 2014 cewa cikin yara goma da ke ƙare firamare a Nijar, ko ɗaya cikakke bai kai matsayin da ake nema a karatu ba. A gwajin 2019 an sami ci gaba, adadin ya kai kusan uku cikin goma, abin da ke nufin bakwai na fita daga CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba su iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata. Ba zai yiwu a ce yara bakwai cikin goma duka kansu ne ba ya ɗauka ba.

Ga yadda abin yake farawa. Yaro yana shiga CI, wato ajin farko, da Hausa ko Barbarci ko Fillanci a bakinsa, sai ya tarar da darasi a harshen da bai taɓa ji a gida ba, a cikin aji da ya cika maƙil, inda mushe ko madam ba za su iya tsayawa kan kowane ɗalibi ba ko da sun so. Idan ajin na zana ne, ba a fara karatu sai an yi girbi an sami kara. Farkon shekarar makaranta kuma yana haɗuwa da ƙarshen lokacin zazzaɓin cizon sauro, don haka yaro kan kwanta kwana goma, ya tashi ya tarar an wuce baƙaƙe shida ko bakwai, kuma manhaja ba ta komawa baya saboda mutum ɗaya. A unguwannin da famfo kan yi kwanaki bai kawo ruwa ba, wanda duk mazaunin garin nan ya san zancensa, yara ne ke bin layi da jarka tun asuba. Ɗan mai hali yana fuskantar wasu daga cikin waɗannan abubuwa, amma idan ya koma gida akwai malamin da ake biya ya maimaita masa darasi, ko uba da zai buɗe kayensa ya duba. Ɗan talaka, ko maraya, ko yaron da aka kawo daga ƙauye aka ajiye a gidan dangi, ba shi da mai cike masa giɓin, sai giɓin ya yi ta faɗi yana hawa aji yana zaune a baya, har ranar da zai daina zuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan giɓi yana cikuwa, kuma ba ya bukatar gini ko kuɗi mai yawa. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta daɗe tana aiki da wata dabara mai sauƙi, wato a daina duba ajin da yaro yake, a duba abin da ya iya. Ana nuna masa takarda mai baƙaƙe, da kalmomi, da gajerun jimloli, da ɗan labari, a ga inda ya tsaya, sannan a haɗa shi da waɗanda suka tsaya wuri ɗaya da shi, ko ɗan CE1 (aji uku) ne ko ɗan CM2, a fara daga nan. A ƙasarmu ma shirin makaranta don kowa, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa tun 2004, ya bi ta hannun kwamitocin kula da makarantu, waɗanda muka sani da COGES, har jama'a suka riƙa shirya wa yara ƙarin sa'o'in lissafi bayan an tashi daga aji. Wato hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Shawarata ga mai koyarwa ita ce ya fara da Hausa, domin yaron da ya gane yadda "ba" da "ki" suke haɗuwa su ba da "baki" ya riƙe sirrin karatu, kuma zai tafi da shi cikin Faransanci. A nan Zinder, wato Damagaram, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, saboda haka bai kamata mu ne za mu yi shakkar amfaninsa ba.

Masu yin aikin suna nan tare da mu. Akwai ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke haya a unguwanni, akwai ƴan lise, akwai malaman da suka yi ritaya, akwai matan da suka yi BEPC, jarrabawar ƙare ƙaramar sakandare, suka yi aure suna gida, akwai kuma samarin fada da ke zaman shayi kullum da yamma daga Birni har Garin Malam da Kara-Kara, waɗanda da yawansu sun yi karatu sun rasa aiki, kuma na tabbata za su karɓi amana idan manya suka ba su ita da mutunci. Mutum ɗaya ya ɗauki yara biyar ko shida, sa'a ɗaya bayan la'asar, kwana uku ko huɗu a mako, a zaure ko gindin bishiya. Ƙasa ta isa allo, tsinke ya isa alli, murafun kwalba da karare sun isa ƙidaya. A tuntuɓi malamin makarantar allo tun farko a daidaita lokaci da shi, don kada a sa iyaye zaɓi tsakanin karatu biyu.

Abin da ya fi darasin nauyi shi ne ɗorewa. Yaron da ya saba da a yi masa alkawari a saɓa yana bukatar babba guda da zai same shi a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, wanda zai san sunansa, ya lura in bai zo ba, ya taka har gidansu ya gaida iyaye ya tambayi lafiya. Gara mutum ya ɗauki yara uku ya riƙe su shekara guda da ya tara talatin ya watsar bayan wata ɗaya.

Wannan kusanci ne yake sa a ga abin da mu ma'aikatan lafiya ba mu gani sai ya yi nisa. Yaron da ke matse ido yana kallon allo, ko yake juya kunne ɗaya idan ana magana, ko kunnensa ke fitar da ruwa, ba taurin kai yake yi ba, a kawo mana shi a duba. Wanda tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, yana gyangyaɗi tun hantsi, mai yiwuwa jini ne ya yi masa ƙaranci, ko kuwa ya fito gida ko koko bai sha ba. Yaran da ke wanka a tafki da damina sukan kamu da tsargiya, su riƙa fitsari da jini, wasu iyaye kuma su ɗauka alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce mai rage jini da kuzari, kuma tana da magani. Haka nan a tambayi takardar haihuwa tun yaro yana ƙananan azuzuwa, domin rashinta kan tsayar da ɗalibi a lokacin jarrabawa, kuma neman ta ta hanyar kotu yana cin lokaci.

Game da ƴaƴa mata, ina roƙon masu taimako su shiga gida da ladabi. Uwar da ke ɗora wa ɗiyarta tallar ƙosai ko fura ba ƙiyayya take yi mata ba, sau da yawa da cinikin nan ake cefanen dare. Idan aka zo mata da faɗa za ta rufe ƙofa, idan aka zauna da ita aka nemi sa'a ɗaya tak, aka kuma kira ta bayan wata biyu ta ji ɗiyarta tana karatu da bakinta, ita da kanta za ta fara kare lokacin. Ƙungiyar iyaye mata ta makaranta ta fi kowa iya wannan zama. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare karatun yarinya, amma na lura yarinyar da ake saurin cirewa ita ce wadda iyaye suka ga shekaru na tafiya ba ta iya komai ba.

Dole ne kuma a tsare amana da ƙa'ida. A yi darasi a fili inda mai wucewa zai gani, mai unguwa da iyaye su san wane ne ke koyarwa, kada yaro ko yarinya su keɓe da babba a ɗaki, babu bulala, babu zagi, babu aike, kuma a tashi kafin magariba. Yaran da suka girme wa CI ba su taɓa shiga ba, ko suka fita da wuri, a tambayi daraktan makarantar unguwa ko akwai ajin gaggawa na wata tara a kusa, wanda ke mayar da irinsu cikin makaranta.

Ni dai na ajiye takardar gwajin nan a aljihun teburina, kusa da ma'auni. Iyayena mata, idan za ku kawo jariri awo, ku zo da yayansa ko yayarsa, gwajin bai wuce minti biyar ba, kuma daga nan za mu san rukunin da ya dace da shi da wanda za mu haɗa ku da shi a unguwarku.