Waiwaye: Tashar Rigasa da Jirgin Abuja

Da safiyar Litinin hanyar tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna ba masaka tsinke. 'Yan adaidaita sahu na ta sauke fasinja, mai shayi ya hura wuta a gefen titi, ga ma'aikata da 'yar jaka a kafaɗa kowa idonsa a kan waya yana duba lambar kujerarsa. Da yawansu iyali na Kaduna, aiki na Abuja, sai Juma'a da yamma su dawo. Kuɗin hayar gida a Abuja ya fi ƙarfin albashinsu, don haka suka raba rayuwarsu gida biyu, jirgin nan ne kuma ke haɗa musu ita.

Kaduna dama garin reluwe ne tun asali. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Baro da ke bakin kogin Neja ya isa Kano a 1911, shekara guda bayan haka aka haɗa shi da na Legas, daga baya kuma suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita Kaduna. Wancan tsohon layi siriri ne, faɗinsa ƙafa uku da rabi, shi ya yi dakon gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, har sakaci ya cinye shi.

Rigasa ba ta cikin wancan labarin. Unguwa ce ta talakawa mai cunkoso a yammacin gari, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Sunanta ya shiga bakin duniya ne da aka zaɓe ta ta zama ƙarshen sabon layi mai faɗin mita 1.435, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya fara ginawa a 2011, zamanin Goodluck Jonathan, da taimakon bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin. Tsawonsa kilomita 186 daga Idu da ke Abuja, ya bi ta Kubwa da Jere da Rijana. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe shi ranar 26 ga Yulin 2016.

Da farko wasu sun ɗauke shi abin yawon buɗe ido. Abu biyu suka canza wannan. A Maris na 2017 an rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida don gyaran titinsa, aka karkata jirage zuwa Kaduna, manya da yawa suka ɗanɗana jirgin ƙasa. Na biyun shi ne mai ciwo: masu garkuwa da mutane sun addabi titin mota na Abuja zuwa Kaduna, musamman wajajen Katari da Rijana. Sai kowa ya gudo tasha, ɗan majalisa da hafsan soja da ɗalibi da mai kai mara lafiya asibiti. Kujeru suka yi kaɗan, wasu suka riƙa tafiya a tsaye, 'yan bunburutun tikiti suka samu kasuwa. Don maganin haka ne aka fara sayar da tikiti ta intanet a Janairun 2021. Ya rage dogon layi a gaban taga, amma tsohon da ba shi da babbar waya ya koma neman wanda zai saya masa.

Daren 28 ga Maris na 2022 shi ya raba tarihin tashar nan biyu. Jirgin yamma da ya taso daga Abuja bai iso ba. 'Yan bindiga sun dasa bam a kan layi, suka buɗe wa taragai wuta, suka kashe aƙalla mutum 8, suka shiga daji da fiye da 60, har da mata da ƙananan yara. Alhali tun watan Oktoban 2021 an taɓa tayar da bam a wannan layi, gargaɗin da ya isa a ce an farga. Ragowar mutum 23 na ƙarshe ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai 5 ga Oktoba. Wata takwas tashar na rufe, kuma ba fasinjoji kaɗai suka ji a jikinsu ba. Masu dako da masu abinci da direbobin da ke ci daga tashar duk sun shiga wani hali.

Ranar 5 ga Disambar 2022 jirgi ya dawo, da ƙarin jami'an tsaro da sharaɗin nuna lambar katin ɗan ƙasa kafin sayen tikiti, amma an rage yawan sahun da yake yi a yini. A ganina wannan ragi shi ne asarar da ba a cika magana a kanta ba. Ma'aikacin da ke son ya kwana cikin iyalinsa ya wayi gari a ofis ba kujera mai laushi ce damuwarsa ba, yana son jirgin sassafe da na yamma waɗanda ba sa saɓa lokaci. A Agustan 2025 kuma jirgi ya sauka daga kan layi kusa da tashar Asham. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an sake dakatar da zirga-zirga na makonni.

Layin Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yulin 2021, shi ake jira yanzu. Ranar da aka gama shi Rigasa za ta tashi daga ƙarshen layi ta koma tsakiya, fasinjan Zariya da na Kano su shigo neman kujera a jirgin da ko mutanen Kaduna bai wadatar ba tukuna.