Jagorar murya ta yara a gidajen tarihi

Jagorar murya bayani ne da ake naɗa tun da farko game da kayan gidan tarihi, maziyarci ya saurara ta 'yar na'ura ko ta wayar hannu yana tsaye gaban abin da ake magana a kansa. Wadda ake shirya wa yara ta sha bamban da ta manya wajen tsawo da harshe da manufa. Ta manya takan jero shekaru da sunayen sarakuna. Ta yara kuwa aikinta ta tsayar da yaro ya dubi abu ɗaya da kyau kafin ya ruga gaba.

Asali

An fara gwada ta a gidan tarihi na Stedelijk da ke Amsterdam ta ƙasar Holan a 1952. Da gajeren zangon rediyo aka yi, don haka duk masu riƙe da na'urar abu guda suke ji a lokaci guda, su juya tare, su matsa tare. A 1957 kamfanin Acoustiguide ya naɗi muryar Eleanor Roosevelt, matar tsohon shugaban Amurka, tana zagaya da baƙi gidansu na Hyde Park. Daga nan kaset ya karɓi ragama, ya kuma yi tashe lokacin da aka zagaya biranen Amurka da kayan Fir'auna Tutankhamun daga 1976 zuwa 1979. Aibin kaset shi ne dole a bi hanyar da aka shata, ba tsallake.

Sauyin da ya fi amfanar yara ya zo a shekarun 1990, sa'ad da aka fara liƙa lamba a jikin kowane akwatin gilashi, mai ziyara ya danna lambar abin da ya ja hankalinsa. Yaro ba ya tafiya a layi. Abin da ya ƙyalla ido ya gani nan zai nufa. Gidan tarihi na Louvre a Paris ma ya mayar da na'urar wasan yara ta Nintendo 3DS jagorarsa a 2012. Yanzu galibi lambar QR ake ɗauka da waya, ko a sauke manhaja.

Matsalar da take magancewa

Tun 1916 Benjamin Gilman, wani jami'in gidan tarihi a Boston, ya yi rubutu kan gajiyar da ke kama masu ziyara saboda yawan tsayuwa da sunkuyo da leƙe. Ga yaro abin ya ninka. Akwatunan an yi su daidai tsayin babba, rubutun ƙanana ne kuma da Turanci mai nauyi, ga gargaɗin kada a taɓa, kada a yi gudu, kada a ɗaga murya. Murya a kunne takan sauke masa nauyin karatu, ta bar wa idonsa kallo.

Masu shirya irin wannan jagora sun fi son kowane zango ya tsaya a minti ɗaya zuwa biyu, kuma a zaɓi kaya kaɗan maimakon a bi ɗaki kaf. Sukan fara da abin da ido ke gani, sannan labari ya biyo. Sukan sa tambaya, su bar shiru na ɗan lokaci don yaro ya nemo amsa a jikin abin. Sau da yawa wani tauraron labari ne ke magana, dabba ko yaro ɗan'uwansu, tare da sautin ganga ko na maƙera ko na kasuwa. Ma'aunin kyanta ɗaya ne: in yaro ya ƙura wa fuskar waya ido ya manta da abin da ke cikin gilashi, jagorar ta gaza ko da ta yi daɗin ji.

A Legas

Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, kusa da Dandalin Tafawa Ɓalewa, wani Bature masanin kayan tarihi, Kenneth Murray, ne ya kafa shi a 1957, yana kuma ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. A nan aka fi sabawa da jami'in gidan ya ja ayarin ɗalibai yana bayani da baki. Na gaba su ji, na baya su yi ta tura juna. Irin wannan gurbi ne naɗaɗɗiyar murya ke iya cikewa, ko da malami ne ya naɗa a wayarsa bayan ya riga ya zo ya duba wurin.

Ga 'ya'yan Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, babu abin da ya kai motar Janar Murtala Muhammed kama zuciya. Baƙar Marsandi ce, ramukan harsashi na nan a jikinta tun ranar 13 ga Fabrairu 1976, lokacin da aka buɗe mata wuta cikin cunkoson motoci a Ikoyi yana kan hanyar barikin Dodan. Jagora mai hikima ba za ta fara da juyin mulki ba. Za ta iya cewa: "Ciro naira ashirin daga aljihunka. Ka ga mutumin nan? Haifaffen Kano ne, kuma wannan motarsa ce. Leƙa ciki, ka nemo inda yake zama." Daga nan sai a gaya masa cewa filin jirgin Ikeja, wanda jiragensa ke wucewa ta saman unguwarsu, sunan mutumin yake ɗauke da shi, kuma kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya sanar da mayar da babban birni daga Legas zuwa Abuja. Batun kisan kansa a faɗe shi da gaskiya, a taƙaice, ba tare da ƙarar bindiga a kunnen ɗan shekara bakwai ba.

Kan Jama'a, wato siffar kan mutum da ake kira da sunan garin Jama'a, ɗaya daga cikin fitattun sassaƙen yumɓu na al'adar Nok ta kudancin Kaduna, shi ma da labarinsa ya zo. Wani ma'aikacin haƙar kuza ne ya kafa shi a gonar doya a matsayin mutum-mutumi, kafin ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943. Kayan Nok sun haura shekara 2,000. Ana iya sa yaro ya ƙirga hujojin ido da hanci da baki, sannan a bayyana masa cewa ta nan tururi ke fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. In ya juya takardar naira ashirin ɗin nan kuma, ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, sana'ar yumɓun ba ta mutu ba. Tagullar Benin, wadda sojojin Ingila suka kwashi dubbanta a 1897, da ta Igbo-Ukwu ta wajen ƙarni na 9, sun fi dacewa da yaran da suka ɗan tasa.

Nan kusa akwai Cibiyar John Randle ta al'adu da tarihin Yarabawa, wadda aka gina inda likita John Randle ya yi wa 'yan Legas wurin ninƙaya a 1928. A Badagry kuma akwai sarƙoƙin cinikin bayi da wani tsohon gidan bene da aka gina a 1845. Sarƙoƙin nan na buƙatar babba a kusa. Ba a barin yaro shi kaɗai da murya a irin wannan wuri.

Harshe da salo

Ɗan Bahaushe a Legas yakan tashi da Hausa a gida, Yarbanci da Turancin buroka a titi, Turanci a aji, Larabci a Islamiyya. Bayanin da aka yi masa da harshen da kakarsa ke yi masa magana ya fi zama. Kuma salon na nan a shirye. Al'ummar da ta saba da rediyo, da Sashen Hausa na BBC tun 1957, ba sai an koya mata sauraro ba. Tatsuniya ma da amsa-amo take farawa: "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su ce "Ta zo mu ji ta." Kacici-kacici na iya zama hanyar neman kaya a ɗaki, a siffanta abu, yaro ya gano akwatin da yake. Sai dai in an ari bakin Gizo, a kiyaye: maƙaryaci ne sananne, dole yaro ya gane inda wasa ya ƙare, tarihi ya fara.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da ɗakunan sassaƙe da kayan dodanni saboda addini. Jagora ta fi samun karɓuwa in ta tsaya kan wa ya ƙera, da me, a wane zamani, me masu shi suka ɗauke shi, ba yabo ba kushe.

Naƙasu

Abin sawa a kunne yakan raba yaro da abokansa da iyayensa, alhali rabin amfanin ziyara na cikin hirar da ake yi gaban kaya. Shi ya sa wasu suka fi son waya ɗaya ga yara uku ko huɗu, a rage ƙara, a tsaya a tattauna bayan kowane zango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin da yara ke ji ya wuce desibel 75 (ma'aunin ƙarar sauti) na tsawon sa'o'i 40 a mako. Na'urorin haya na son gogewa tsakanin yaro da yaro, da caji, abin da ba ƙaramin aiki ba ne inda wuta ba ta tsayawa. Yara makafi na cin moriyar jagorar sosai in an siffanta girma da fasali dalla-dalla, amma kurame sai an tanadar musu rubutu ko maganar hannu.

Makarantu kan cika gidajen tarihi a watan Mayu, wajen Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya, 18 ga wata, da Ranar Yara ta Najeriya, 27 ga wata. Malamin da zai yi amfani da nasa naɗin gara ya tura wa wayoyin tun daga gida, ya kuma nemi izinin jami'ai tukuna, domin ɗakuna da dama an hana ɗaukar hoto, mai gadi kuma na iya tsayar da duk wanda ya gani ya ɗaga waya.