AI ɗin da ke cikin Civilization ba ita ce wadda ake faɗa a labarai ba

Tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ta bayyana, haruffa biyun nan, AI, ba su bar bakin kowa ba. Mai gabatar da shiri a rediyo zai ce AI, ɗan siyasa zai yi alƙawarin kawo AI, mai tallar waya ma ya ce AI ce ke ɗaukar hoto a kyamararsa. Kusan dukkansu abu ɗaya suke nufi: wata ƙwaƙwalwa a cikin na'ura mai koyo, mai ƙara wayo kullum. Da wannan fahimtar mutane suka shigo muhawarar wasannin gina daula irin su Civilization, inda kowa ke taka nasa zagayen ya jira saura, kuma a nan ne ta fi ɓata lissafi.

Ƙorafi biyu ne suka fi yawo a bakin 'yan wasa, musamman bayan fitowar Civilization VII a watan Fabrairun 2025. Na farko: ta yaya a zamanin da kwamfuta ke rubuta wasiƙa da zana hoto, AI ɗin wasa ta kasa cin gari ɗaya mai ganuwa? Na biyu: AI na yin maguɗi. Duka biyun daga rijiya ɗaya suka sha, wato zaton cewa akwai wata mai tunani a ɗaya ɓangaren.

A bakin masu ƙera wasanni, tun kafin Sid Meier ya fitar da Civilization na farko a 1991, AI na nufin duk wata ƙa'ida da aka rubuta don ta motsa abokan hamayyar da ba mutum ke riƙe da su ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta: in maƙwabci ya kafa gari kusa da iyakarka, ka rage masa maki kaza na aminci, in dakarunka sun ninka nasa, ka ƙara nauyin zaɓin yaƙi. A kowane zagaye kwamfuta za ta auna zaɓuɓɓukan da ke gabanta da waɗannan lambobi, ta ɗauki wanda ya fi nauyi. Ba ta tuna wasan jiya. Ko ka yaudare ta da dabara ɗaya sau ɗari, a na ɗari da ɗaya ma za ta faɗa.

Babu abin da ke nuna wannan kamar labarin Gandhi da makaman nukiliya. Shekaru ana yawo da zancen cewa a wasan 1991 an ba Gandhi, shugaban Indiya a cikin wasan, maki 1 na faɗa, mafi ƙanƙanta, kuma idan Indiya ta koma dimokuraɗiyya sai a cire maki 2, lissafin ya zarce ƙasa da sifili ya dawo 255, mai wa'azin zaman lafiya ya zama wanda ya fi kowa son jefa bam. Sid Meier da kansa ya ƙaryata wannan a littafin tarihin rayuwarsa na 2020, ya ce babu irin wannan kuskure a wasan. Abin da ya faru da gaske ya fi koyarwa. A Civilization V na 2010, wanda Jon Shafer ya jagoranci tsara shi, kowane shugaba yana da jerin lambobin ɗabi'a, yawanci daga 1 zuwa 10: son faɗaɗa ƙasa, son kimiyya, son jiragen ruwa, saurin yafiya da sauransu. A farkon kowane wasa ana iya ɗaga kowace lamba ko a sauke ta da maki biyu, don kada shugaban ya zama iri ɗaya kullum. Sai aka saka wa Gandhi 12 a ƙera nukiliya da amfani da ita, da gangan, ta yadda ko an sauke masa biyu yana nan a 10. Halin da miliyoyin 'yan wasa ke tattaunawa kamar na mutum mai rai, lamba ɗaya ce a cikin jadawali.

Ga wani kuma. A watan Maris na 2018 masu yi wa wasan kwaskwarima suka gano cewa a wani fayil na Civilization VI an rubuta YEILD maimakon YIELD a layuka biyar, waɗanda ke gaya wa shugabanni yadda za su fifita ƙira, zinare, kimiyya, al'adu da addini. Wasan bai gane kalmar ba, sai ya tsallake layukan. Kamfanin Firaxis, mai ƙera wasan, ya amsa kuskuren, ya gyara. Haruffa biyu da suka yi musayar wuri sun isa su canza abin da shugabannin ke ba muhimmanci, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya lura, domin babu mai lura a wurin.

Yanzu batun maguɗi, wanda shi ne ya fi damuna, domin yana hana mutane gane wasan da suke bugawa. Civilization VI yana da matakan wahala takwas, daga Settler zuwa Deity, Prince ne na huɗu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa hawa mataki na nufin fuskantar abokin hamayya mai ƙarin wayo. A zahiri babban abin da ke canzawa shi ne rabon kaya. A Prince kusan kunnen doki ake farawa. A ƙasa da shi, kai ake ba ƙari. A sama da shi, kwamfuta ake ba. A Deity kowace daula ta kwamfuta tana farawa da tawagar kafa gari uku alhali kai ɗaya gare ka, da tarin mayaƙa da magina, da ƙarin da ya kusa ninka abin da garuruwanta ke ƙerawa, da maki 4 a ƙarfin kowane mayaƙi idan ya haɗu da naka. Maguɗi shi ne abin da aka yi a ɓoye, saɓanin ƙa'idar da aka amince da ita. Wannan kuwa kai ka zaɓe shi da hannunka kafin a fara. Rata ce irin wadda babba ke ba yaro a tsere, sai dai a nan kai ne babban.

Maki 4 ɗin nan ya kamata a duba shi da kyau, domin masu kukan maguɗi ba su cika lissafa shi ba. Kowane mayaƙi yana da rai 100. In biyu masu ƙarfi ɗaya suka gwabza, kowanne zai yi wa ɗan'uwansa ɓarnar kimanin 30. Da ratar maki 4, nasu zai yi maka kimanin 35, naka ya yi musu kimanin 26. Ratar 10 tana kai ɓarnar kusan 45, ratar 30 kuwa kusan bugu ɗaya ne. To amma tsayawa a kan tudu yana ba mai tsaro maki 3, kurmi ma 3, kafewa a wuri ɗaya har zagaye biyu yana ba da 6, wanda ya kawo hari ta ƙetaren kogi kuma ana cire masa 5. Mayaƙi ɗaya da aka kafe a tudu mai kurmi ya shafe ratar Deity har ya yi saura mai yawa. Ka ajiye maharba uku ko huɗu a bayansa, masu harbi daga nisan gurbi biyu na taswirar wasan ba tare da an rama musu ba, ka gina ganuwa da wuri, za ka ga rundunar da ta ninka taka tana narkewa a bakin garinka. Kwamfuta ta san waɗannan lambobi sarai. Abin da ba ta iya ba shi ne tsara dakaru goma su yi aiki tare na tsawon zagaye goma.

A nan ne ainihin raunin yake, kuma yana da tarihi. Har zuwa Civilization IV na 2005 ana iya tara dakaru ko nawa ne a gurbi ɗaya. Aikin kwamfuta a lokacin mai sauƙi ne: ta ƙera da yawa, ta tara su wuri ɗaya, ta nufi garinka, kuma tarin nan abin tsoro ne na gaske. Civilization V ya kawo gurabe masu kusurwa shida da dokar mayaƙi ɗaya a gurbi ɗaya. Daga nan yaƙi ya zama batun wa ke gaba, wa ke baya, wa zai matsa don wani ya wuce ta mashigi tsakanin duwatsu. A Civilization VI, cin gari mai ganuwa yana bukatar abubuwa su jeru: masu takobi ba sa yi wa ganuwa ɓarna sai kashi 15 cikin ɗari in ba a kawo musu na'urar fasa ƙofa ba, majaujawa ba ta harbi a zagayen da ta yi tafiya sai in ta sami ƙarin girma ko taimakon babban janar, garin yana warkewa da maki 20 kowane zagaye in ba a yi masa ƙawanya ba, kuma mai harbi daga nesa ba ya iya shiga ya karɓe shi. Mutum yana ganin wannan jeri a kallo ɗaya. Kwamfuta kuwa sau da yawa majaujawarta ce ke isowa gaba ita kaɗai, a kashe ta kafin ta yi harbin farko. Kwamandojin da Civilization VII ya kawo, masu naɗe dakaru su yi tafiya a dunƙule sannan su baza su a fagen daga, suna rage wannan cunkoso ga mutum da kwamfuta baki ɗaya.

Sai a ce, to me ya hana a saka irin AI ɗin da ke koyo? Ai manhajar AlphaGo ta doke Lee Sedol, gwanin wasan allo na Go, da ci 4 da 1 a 2016, manhajar AlphaStar ta kai matakin ƙwararru a wasan yaƙi na kwamfuta StarCraft II a 2019. Amma allon Go layi 19 ne sau 19, komai a bayyane, dokokinsa ba sa canzawa. Cikakken wasan Civilization VI zagaye 500 ne, taswira a rufe take sai ka bincika, hanyoyin nasara da yawa, kuma duk sabuntawar da kamfani ya fitar tana taɓa lambobin da aka yi horon a kansu. Sannan dole abin ya yi aiki a kwamfutar gida ba tare da mai wasa ya yi ta jira tsakanin zagaye da zagaye ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Soren Johnson, wanda ya rubuta AI ɗin Civilization III da IV, ya yi wata lacca a 2008 inda ya bambanta AI da aka gina don ta ci wasa, kamar ta dara, da wadda aka gina don mai wasa ya ji daɗin wasan. Wadda ke neman nasara tsantsa ba za ta riƙe abota ba. Za ta karya yarjejeniya a zagayen da lissafi ya ce ta karya, duk daulolin su taru su danne wanda ke gaba, kuma Cleopatra da Gandhi su riƙa taka rawa iri ɗaya domin hanya mafi inganci ɗaya ce. Masu neman “AI mai wayo” yawancinsu ba wannan suke so ba. Suna son maƙwabcin da zai iya ba su tsoro, ya kuma iya riƙe amana.

Ƙorafin da na ga ya dace a yi shi ne na yadda aka raba ratar. An zuba mafi nauyinta a farko, sai zagayen farko-farko su zama na neman tsira, daga nan duk wanda ya tsallake ya san ya riga ya ci, saura ɗaruruwan zagaye na danna maɓalli kawai. Wannan gazawar tsari ce, kuma ana iya gyara ta ba tare da wata sabuwar fasaha ba. Vox Populi, kwaskwarimar da 'yan wasa suka yi wa Civilization V bayan Firaxis ya saki lambobin manhajar da ke tafiyar da dokokin wasan, ta sake rubuta yadda kwamfuta ke jera dakaru da janye masu rauni, kuma waɗanda suka saba da manyan matakai sukan sauko ƙasa idan suka fara buga ta. Ƙa'idoji ne dai da mutane suka rubuta da hannu, sai dai an ba su shekaru ana gwadawa ana gyarawa.

Wanda ke son ya auna AI ɗin kowane irin wannan wasa, ya saka matakin da babu wanda aka ba rata, ya bar gari ɗaya mai ganuwa a kan iyaka da maharba biyu a ciki, ya ja maƙwabcinsa da faɗa. Ya duba ko kayan fasa ganuwa suna isowa tare da masu kare su, ko ana janye mayaƙin da ransa ya yi ƙasa, da kuma zagaye nawa za a ɗauka kafin a yi wa garin ƙawanya.